Gane Ƙwari Masu Taurin Baya da Magance Ɓarnarsu a Kayan Tarihi: Nazari a Kan Masarautar Gumel

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi ƙwari masu taurin baya, wato dangin ƙwaron wake, waɗanda suke cin kayan tarihi na fata da gashi da itace da takarda. An gina bayanin a kan yanayin Masarautar Gumel, inda mafi yawan kayan gado suke a fada da gidajen hakimai da ɗakunan malamai, kuma har yau ana amfani da su. Maƙalar ta kawo rukunoni huɗu na waɗannan ƙwari da alamomin kowanne, ta bi hanyoyin da suke shigowa, sannan ta auna dabarun kashe su. Matsayar da ta ɗauka ita ce, ilimin adana hatsi da manoman yankin suke da shi ya isa a ɗora kulawa da kayan tarihi a kansa, muddin an gyara shi a inda ya kamata, kuma an nisanta kayan daga gubar da ake zuba wa hatsi.

1.0 Gabatarwa

Gumel tsohuwar masarautar Mangawa ce da aka kafa wajen 1750. Ta yi zamanta a ƙarƙashin inuwar Borno, ba ta shiga Daular Usmaniyya ba, kuma an dawo da fadarta daga Tumbi, wadda take cikin Jamhuriyar Nijar a yau, zuwa inda take yanzu a rabin farko na ƙarni na 19. Ta gwabza da Haɗeja da Damagaram kafin Turawa su shigo a 1903. Ƙasar da ta yi irin wannan tarihi dole ta tara kayan yaƙi da na sarauta: lifidi, garkuwa, kwari da baka, sirdi da jalala, tambari, alkyabba, takalman gashin jimina. A gidajen malamai kuma akwai Alƙur'anai rubutun hannu a cikin gafaka, da littattafan fiƙihu, da wasiƙu.

In aka ɗebe ƙarfe, duk waɗannan kayan daga jikin dabba ko tsiro suka fito, wato abinci ne ga wani ƙwaro. A Gidan Makama na Kano, ko gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, akwai ma'aikatan Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, da alhakin kula da kaya yake wuyansu. A ƙananan hukumomin masarautar huɗu, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, alhakin yana hannun bayin fada da masu kula da barga da magada. Su ne wannan maƙala ta sa a gaba.

2.0 Su wane ne maɓarnatan?

Ƙwaro mai taurin baya yana rayuwa ne a matakai huɗu: ƙwai, tsutsa, kwanci, sannan balaga. Tsutsar ce take yin kusan dukkan ɓarnar, kuma a ɓoye take yi. In mai kaya ya ga ƙwaron yana yawo a bakin taga, to aikin gama ya gama, abin da ya rage shi ne a hana 'ya'yansa su ɗora. Saboda haka ganewa takan fara ne daga abin da aka ci da abin da aka bari.

2.1 Masu cin ɗanyar fata

Babbansu shi ne Dermestes maculatus, wanda duk mai sayar da busasshen kifi ko ƙirgi ya san shi ko da bai san sunansa na kimiyya ba. Tsawonsa milimita 6 zuwa 10, bayansa baƙi, cikinsa fari. Tsutsarsa baƙa ce mai gashi, takan kai milimita 15, da 'yan ƙayoyi biyu a wutsiya. Fatar da ba a jeme ba ita ce abincinta: fuskar tambari da ganga, tandu, garkuwa, kirin ɗaure sirdi. Fatar da majema suka jeme da bagaruwa ba ta cika damun ta ba, sai in an shafe ta da man shanu ko man gyaɗa, ko gumi ya jiƙa ta. In tsutsar ta ƙoshi takan huda itacen da ke kusa ta kwanta, shi ya sa ake ganin ramuka masu faɗi a jikin gangar da fatarta ce aka ci. A lokacin zafi, cikin mako biyar zuwa bakwai an yi sabon zubi. Sau da yawa akan gan shi tare da Necrobia rufipes, ƙwaro mai sheƙin kore-shuɗi da jajayen ƙafafu, wanda ganinsa ke nuna akwai sauran kitse ko mushe a kusa.

2.2 Masu cin gashi da ulu

Waɗannan su ne Anthrenus da Attagenus. Anthrenus ɗan dunƙule ne, milimita 2 zuwa 4, mai ɗigo-ɗigon fari da rawaya da baƙi. Babban yana shan furanni a waje, ya shigo ɗaki ya yi ƙwai. Tsutsar gajeruwa ce mai gashi buzu-buzu, tana cin gashin jimina, mulufin alkyabba, jar dara, darduma da siliki. Auduga zalla ba ta gabanta. Shi ya sa za a buɗe babbar riga ta saƙi a tarar ƙyallen lafiya lau, amma aikin tsamiyar da ke wuya da aljihu ya zube, domin zaren tsamiya daga jikin tsutsa ya fito. Alamar da ba ta ƙarya ita ce saɓar da tsutsar ke zubarwa, 'yan ɓawo ruwan ƙasa marasa nauyi, a cikin ninkin tufa ko kusurwar adaka.

A wannan dangi ne ake samun Trogoderma granarium, wanda ya addabi dalar gyaɗa ta Kano tun ƙarshen shekarun 1940. Ya fi kowa dacewa da yanayin Gumel, domin zafi da bushewa yake so. Babban ba ya tashi sama, buhu ne ke kai shi duk inda ya je. Tsutsarsa tana iya laɓewa a tsagar bango ta yi shekaru ba ta ci komai ba, sannan ta farka in abinci ya zo. Hatsi da gyaɗa ta fi so, amma tana taɓa fata da gashi in su ta samu.

2.3 Masu cin takarda, ƙwarya da busassun tsirrai

Lasioderma serricorne, ƙwaron taba, da ɗan'uwansa Stegobium paniceum, duka jajaye ne masu duhu, milimita 2 zuwa 3, masu sunkuyar da kai ƙarƙashin ƙirji. Da madubin ƙara girma ake raba su: bayan Lasioderma sumul yake, na Stegobium yana da layuka a tsaye. Tsohon abokin gaba ne, har a kabarin Fir'auna Tutankhamun an samu gawarwakin Lasioderma. Suna bin ƙullun da aka manna bangon littafi da shi, su ratsa takardu su bar rami zagayayye kamar na allura mai kauri. Haka suke yi wa ƙwarya, faifai, tabarma da layu. Tsofaffin rubuce-rubucenmu da yawa a kan takardar nan mai alamar wata uku suke, wadda aka riƙa kawowa daga Italiya ta hanyar Sahara a ƙarni na 19. Takarda ce mai ƙwari, amma in rami ya ratsa ganye ɗari a wuri ɗaya, kalma ɗari ce ta tafi.

2.4 Masu huda itace

Lyctus da dangin Bostrichidae, irin su Sinoxylon da Dinoderus, suna cin sitacin da ke cikin farin itace, wato ɓangaren da ke kusa da ɓawo, da kuma gora. Su ne ke cin ƙwarangwal ɗin sirdi, ƙotar mashi, akushi, allo da jikin ganga. Garin da suke zubarwa mai laushi ne ƙwarai, ramukan Lyctus kuma milimita 1 zuwa 2 ne. Sabon rami cikinsa fari ne, bakinsa da kaifi. Tsohon rami ya yi duhu, ƙura ta cika shi.

2.5 Raba su da sauran maɓarnata

Ba kowace ɓarna ce ta waɗannan ƙwari ba. Gara takan bar rufin laka. Asu yakan bar saƙa kamar yana, ko 'yan kwasfa. Kyankyaso yana kankare fuskar bangon littafi ya bar tabo, ɓera kuma yana barin shatin haƙori. Kowanne da maganinsa, kuma wanda ya ruɗa su zai kashe kuɗi a banza.

3.0 Ta ina suke shigowa?

Hanya ta farko ita ce kasuwa. Kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis tana haɗa dabbobi da fatu da hatsi daga Nijar da sassan Nijeriya, yankin kuma na gero ne da wake da riɗi da zoɓo. Buhunan da suka yi yawo daga sito zuwa sito su ne ake kawowa gida, a wasu lokuta ma a ciki ake cusa jalala da lifidi. Ɗakin da aka ajiye kayan doki yakan zama shi ne na dusa da harawa.

Ta biyu ita ce ginin kansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar soro, tsakanin azara da azara, sheƙar tsattsewa da ta tattabaru, kashin jemage, mataccen ɓera a rufi: nan ne Anthrenus da Dermestes suke hayayyafa kafin su sauko kan kaya.

Ta uku ita ce lokaci. Daga 2021 zuwa 2024 Babbar Sallah ta faɗo ne a watannin Yuli da Yuni, wato cikin damina ko bakinta. A mako guda akan tara fatun layya a unguwanni, a kuma dawo da kayan hawa jiƙe da gumin doki da na mahayi, a naɗe a tura ɗaki. Ɗumi, laima da abinci sun haɗu. Mai lura zai ga cewa makonni shida bayan hawa su ne mafi haɗari ga kayan fada a irin waɗannan shekaru.

4.0 Sa ido kafin magani

Tsarin da gidajen tarihi suka koma kansa tun shekarun 1980 shi ne haɗa tsafta, toshe hanya, sa ido da magani marar guba, a bar feshi sai in babu makawa. David Pinniger na Ingila da Tom Strang na Cibiyar Adana Kayan Tarihi ta Kanada suna cikin waɗanda suka shimfiɗa shi, shirin PREMA na hukumar ICCROM kuma ya horar da ma'aikatan gidajen tarihi na Afirka a kan rigakafi tsakanin 1990 da 2000. Babu wani abu a cikinsa da ya fi ƙarfin gidan hakimi.

Ga yadda ake duba gafaka guda. A shimfiɗa farin ƙyalle a inuwa, a ɗora ta a kai, a zare littafin a hankali ba tare da an rikita jerin ganyayen ba, tunda ba ɗinke suke ba. A kifa gafakar a ƙwanƙwasa gindinta da yatsa. Abin da ya zubo shi ne shaida. In gari ne mai tsaki-tsaki launin fata, tare da 'yan jajayen gawarwaki, Lasioderma ne. In saɓa ce mai gashi, Anthrenus ne. A haska tocila a cikin ɗinki da ƙarƙashin murfi. A share komai, a mayar da ita kan farar takarda, a rufe, a dawo bayan mako biyu. In sabon gari ya taru, ƙwaron yana da rai a ciki. In babu, tsohuwar ɓarna ce, kuma ba ta bukatar wani magani illa tsafta.

Bayan wannan sai tarkon danƙo, wanda ake ajiyewa a ƙasa jikin bango, a kusurwa da bayan ƙofa, kowanne da lamba da kwanan wata. A ƙasashe masu sanyi duk wata uku ake duba shi. A nan gwamma duk wata, domin zubin ƙwaro yana da sauri, ƙurar hunturu kuma tana kashe danƙon. Tarko ba magani ba ne, rajista ce. Littafi guda da za a riƙa rubuta abin da aka kama da inda aka kama shi zai nuna, a cikin shekara ɗaya, wane ɗaki ne tushen matsala.

5.0 Gubar kasuwa da illarta

In ƙwaro ya bayyana, hannu yakan kai ga abin da aka saba zuba wa hatsi. Ƙwayar Phostoxin tana fitar da iskar fosfin, wadda take cin tagulla da azurfa da zinariyar da aka gauraya, wato likkafa, kwalliyar linzami, kube da zaren ado duk za su dishe ko su yi baƙi. Ta kuma sha halaka mutane a gidajen da aka sa ta kusa da ɗakin kwana. Sniper da fiya-fiya sinadarin diklobos ne a cikinsu, shi ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da waken Nijeriya a 2015. Yana sa ƙarfe tsatsa, yana sauya launin wasu rinan ja, yana narka ƙaro da danƙo. Gamalin 20 kuwa sinadarinsa, lindan, yana cikin waɗanda Yarjejeniyar Stockholm ta haramta a 2009, kuma yakan daɗe a jikin fata har ya koma hannun mai taɓawa. Kayan da mutum zai sa a jikinsa, ko littafin da almajiri zai buɗe yana lasar yatsa, bai kamata su ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Ganyen darbejiya da barkono da ake cusawa a adaka ba su da wannan haɗari, amma kora kawai suke yi na ɗan lokaci, ba sa kashe tsutsar da ke ciki. Ganyen yana barin tabo a takarda, barkono kuwa abinci ne ga Lasioderma.

6.0 Dabaru uku marasa guba

6.1 Zafin rana

Manomi ya san shanya tana korar ƙwaro daga wake. Kimiyya ta tabbatar da cewa in zafi ya kai digiri 55 a tsakiyar abu na tsawon 'yan sa'o'i, ƙwai da tsutsa da babba duk suna mutuwa. Trogoderma ya fi juriya, gara a kai shi digiri 60. Bambancin shi ne, ba a baje kayan tarihi a rana tsirara, domin za su bushe su tsage, launi ya koɗe. Ana naɗe su da farin ƙyallen auduga, a sa a baƙar leda a ɗaure bakin sosai don laimar jikinsu kada ta fita, a lulluɓe da farar leda mai haske da 'yar tazara tsakaninsu, a ɗora kan katako nesa da ƙasa, da ma'aunin zafi a tsakiyar ƙunshin. A bazara, lokacin da zafin inuwa kan haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, wannan ba ya wuya a Gumel. A bar ƙunshin ya huce har washegari kafin a buɗe. Dabarar ta dace da darduma, jalala, lifidi, tabarma da itacen da ba a yi wa fenti ba. Ba ta dace da tambari mai ɗaurarriyar fata ba, ko tsohuwar fatar da ta fara ruɓewa, ko abin da aka manna da danƙo, ko rubutun da tawadarsa take da ƙaro.

6.2 Sanyi

Injin daskarewa na gida yakan kai digiri 18 zuwa 20 ƙasa da sifili. Kayan da aka rufe ruf a leda suka yi mako biyu a wannan sanyi sun tsira. Ya dace da gashin jimina, ulu, tufafi da yawancin takardu. Sharaɗinsa wuta marar yankewa, domin in ta ɗauke a tsakiya sai an sake lissafi daga farko. Injin da ke aiki da hasken rana ya warware wannan. Bayan an fitar, a bar ƙunshin kwana guda a rufe don raɓa ta sauka a kan leda, ba a kan kaya ba. Hauren giwa da ganguna ba sa shiga.

6.3 Hana iska

Buhun PICS mai ciki uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, ya shiga hannun manoman wake a Jigawa da Nijar. Yana aiki ne saboda ƙwarin da ke cikin wake cike da buhu suna shanye iskar da ta rage, su shaƙe kansu. A nan ne ake yin kuskure. In aka sa alkyabba guda a irin wannan buhu, tsutsotsin da ke jikinta ba su da yawan da za su cinye iskar, sai su ci gaba da cin abincinsu cikin kwanciyar hankali. Kayan tarihi suna bukatar leda ta musamman wadda iska ba ta ratsawa, da ƙunshin garin ƙarfe mai zuƙe iskar shaƙa, irin su Ageless, har ta sauka ƙasa da kashi 0.3 cikin ɗari, a riƙe ta haka mako uku. Ita ce hanya mafi aminci ga Alƙur'ani rubutun hannu da tambari, ita ce kuma mafi tsada. Buhun PICS da kansa yana da nasa amfanin: ajiye kayan da aka riga aka tsarkake kuma suka bushe sarai, da killace wanda ake zargi kada ya shafa wa sauran.

7.0 Shawarwari

Na ɗaya, a raba ɗakin kayan tarihi da na hatsi, dusa, harawa da fatu, ko da ɗakin ƙarami ne. A ɗaga kaya daga ƙasa, a janye su daga jikin bango, a sa raga a taga, a cire sheƙa daga rufi.

Na biyu, bayan kowane hawa a shanya kayan doki a inuwa su bushe, a goge su da burushi, a killace su mako biyu a kan farin ƙyalle kafin su koma ma'ajiya. Haka za a yi wa duk abin da aka aro ko aka kawo kyauta.

Na uku, a mayar da bazara lokacin tsarkake kayan da ke jure zafi, tun kafin ruwa ya sauka.

Na huɗu, Majalisar Masarauta ta tanadi injin daskarewa guda mai aiki da hasken rana da kayan hana iska a wuri ɗaya, inda gidajen sarauta da na malamai daga ƙananan hukumomin huɗu za su riƙa kawo nasu bi da bi, su koma da su.

Na biyar, a haɗa kai da Kwalejin Ilimi ta Gumel, Jami'ar Tarayya ta Dutse, ofishin Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona da ke Kano da ma'aikatan Gidan Makama, don horar da masu kula da kaya da tantance abin da tarko ya kama.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ƙwarin da ke cin kayan tarihi a Masarautar Gumel su ne dai waɗanda ke cin fata a kasuwa da hatsi a sito, kuma ana gane kowanne da abin da ya ci da abin da ya zubar. Shanya da buhu mai hana iska dabaru ne da ke hannun mutanen yankin, sai dai shanyar tana bukatar naɗi da ma'auni, buhun kuma yana bukatar abin zuƙe iska kafin ya yi wa riga aikin da yake yi wa wake. Aikin da ya kamata ya biyo baya shi ne ɗana tarkuna na shekara guda cur a zaɓaɓɓun gidaje a Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, a fitar da jadawalin da zai nuna wane ƙwaro ne ke yawaita a wane wata. Da wannan jadawali ne masarauta za ta san inda za ta fara kashe kuɗinta.